Elijah Impey, alƙalin alƙalan Kalkuta: shari'a ya yi ko abota?

A yau za mu kai ku ƙasar Indiya, kuma za mu koma baya da shekaru kusan 250, domin mu duba rayuwar wani Bature ɗan Ingila mai suna Elijah Impey, wanda shi ne mutum na farko da ya riƙe muƙamin alƙalin alƙalai a kotun ƙolin da Turawan Ingila suka kafa a birnin Kalkuta, wanda tun shekarar 2001 ake kira Kolkata. Mu da muka yi karatu da Faransanci ba mu cika jin sunanshi ba, amma a Indiya ɗaliban shari'a suna karanta labarinshi, domin kuwa a hannunshi ne aka rataye wani dattijo mai martaba a shekarar 1775, kuma tun daga lokacin masana ke jayayya a kan ko hukunci ne aka yi, ko kuwa kisa ne aka lulluɓe da rigar shari'a.

An haifi Impey ranar 13 ga watan Yuni na 1732 a Hammersmith, kusa da Landan. Mahaifinshi ɗan kasuwa ne mai hali. An sa shi makarantar Westminster, kuma a nan ya haɗu da wani yaro sa'anshi mai suna Warren Hastings, suka ƙulla abota. Ku riƙe wannan suna da kyau, don kusan duk abin da ya faru da Impey daga baya, mai daɗi da marar daɗi, yana da nasaba da wannan abota ta ƙuruciya. Daga nan hanyarsu ta rabu. Hastings, wanda ba shi da gata, ya shiga jirgin ruwa zuwa Indiya yana ɗan shekara 17 a matsayin ƙaramin akawun kamfani, shi kuwa Impey ya wuce jami'ar Kambirij, ya zama lauya a 1756, ya auri Mary Reade a 1768.

Kamfanin da ya zama gwamnati

Kafin mu ci gaba ya kamata mu fahimci halin da yankin Bengal yake ciki a wancan zamani. Ba gwamnatin Ingila ke mulkinshi kai tsaye ba. Wani kamfanin ƴan kasuwa ne, Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ya zo sayen yadi da kayan yaji, ya ci sarkin Bengal da yaƙi a Plassey a 1757, sannan a 1765 ya karɓi izinin tara harajin yankin daga hannun sarkin daular Mughal, Shah Alam na biyu. Ma'aikatan kamfanin suka riƙa komawa gida da dukiya mai ban tsoro, alhali a 1770 yunwa ta hallaka abin da aka ƙiyasta ya kai kashi ɗaya cikin uku na al'ummar Bengal. Abin mamaki, shi kanshi kamfanin sai ga shi yana neman rance wajen gwamnati. Majalisar dokokin Ingila ta ce za ta ba da, amma da sharaɗi. Ta yi dokar 1773, wadda ta kafa muƙamin gwamna janar tare da majalisar mashawarta mutum 4, ta kuma kafa kotun ƙoli mai alƙalai 4 waɗanda sarkin Ingila ne zai naɗa su, don su sa ido a kan ma'aikatan kamfani.

Gwamna janar na farko shi ne Hastings. Alƙalin alƙalai na farko kuma Impey, da albashin fam dubu 8 a shekara. Sauran alƙalan su ne Robert Chambers da John Hyde da Stephen Lemaistre. Sun sauka Kalkuta a watan Oktoba na 1774, lokaci guda da sabbin mashawarta uku da aka turo daga Landan, wato Janar Clavering da Kanar Monson da Philip Francis. Waɗannan ukun sun zo da imanin cewa Hastings ɓarawo ne, kuma da yake su uku ne a majalisa mai mutum biyar, sai suka riƙa rinjayarshi a kowace ƙuri'a. Gwamna ya zama gwamna a suna kawai.

Dattijon da ya tona asiri

Ana cikin wannan hali ne Maharaja Nandakumar ya fito. Dattijo ne mai kimanin shekaru 70, Barahmin, wato daga dangin malaman addinin Hindu da suka fi kowa daraja, kuma ya daɗe yana riƙe manyan muƙamai a fadar sarakunan Bengal. Tsakaninshi da Hastings akwai tsohuwar gaba. A watan Maris na 1775 ya miƙa takarda ga majalisa ta hannun Francis, inda ya ce Hastings ya ci hancin da ya haura rupi dubu 350, mafi yawa daga Munni Begum, matar marigayi sarki Mir Jafar, domin a naɗa ta mai riƙon ƙaramin sarki. Hastings ya ce ba za a yi mashi shari'a a majalisar da shi ke shugabanta ba, ya rufe zama ya fice. Su ukun suka ci gaba da zama, suka saurari Nandakumar, suka ce gwamna ya maido kuɗin.

Ba a yi wata biyu ba, ranar 6 ga watan Mayu, aka kama Nandakumar aka kai shi gidan kaso. Ƙarar kuwa ba Hastings ya shigar da ita ba. Wani mai suna Mohan Prasad ne, wakilin magadan wani attajiri Bulaki Das da ya rasu a 1769, ya ce Nandakumar ya ƙirƙiri takardar bashi ta jabu ta kimanin rupi dubu 48, ya karɓi kuɗin daga dukiyar mamacin. Maganar tsohuwa ce, an daɗe ana jan ta a wata kotun. Sai dai a wannan karon an maida ta babban laifi, kuma a ƙarƙashin wata dokar Ingila ta zamanin sarki George na biyu, hukuncin yin takardar jabu shi ne rataya.

A nan ne fa gizo ke saƙa. A shari'ar Musulunci da ake aiki da ita wajen manyan laifuka a Bengal, haka ma a al'adar Hindu, ba a kashe mutum don takardar jabu. Laifin da ake zargi an ce an aikata shi shekaru kafin a kafa kotun. Ɗaya daga cikin alƙalan ma, Chambers, ya nuna shakku a kan ko wannan doka, da aka yi don kare kasuwancin Landan, ta shafi Kalkuta. Impey da sauran biyun suka ce ta shafe ta, hujjarsu kuwa ita ce a 1765 an taɓa yanke ma wani ɗan Kalkuta, Radhacharan Mitra, hukuncin kisa da ita. Gaskiya ne an yi hakan, amma shi wancan afuwa aka yi mashi, ba a rataye shi ba.

An fara shari'ar ranar 8 ga watan Yuni, cikin zafin Kalkuta, alƙalai sanye da jajayen riguna masu nauyi da hulunan gashi irin na Ingila, kuma ba a tashi ba sai da asubahin ranar 16. Mutane 12 da aka zaɓa su taya alƙalai tantance laifi duka Turawa ne. Wanda ake tuhuma ba ya jin Ingilishi, ta bakin tafinta yake bin abin da ake faɗa a kanshi, kuma tafintan, Alexander Elliot, ɗan gidan Hastings ne. A dokar Ingila ta lokacin, lauyan wanda ake tuhuma da babban laifi ba shi da izinin yi ma waɗannan mutane 12 jawabi, saboda haka lauyan Nandakumar, Thomas Farrer, iyakarshi yi ma shaidu tambayoyi. Da alƙalai suka ga lauyan masu ƙara bai iya aikinshi ba, sai su da kansu suka shiga tsitsiye shaidun Nandakumar da tambayoyi, har shaidun suka riƙa yin tufka da warwara. Aka same shi da laifi, Impey ya yanke mashi hukuncin rataya.

Mu a ganinmu, abin da ya fi nauyi a kan Impey shi ne abin da ya biyo bayan hukuncin. Dokar da ta kafa kotun ta ba alƙalai ikon dakatar da kisa su aika Landan neman afuwar sarki. Ga tsoho, ga baƙuwar doka, ga shi kuma shi ne babban mai shaida a kan gwamna, to in ba a yi amfani da wannan iko a nan ba, a ina za a yi? Farrer ya nemi izinin ɗaukaka ƙara, aka hana. Ya rubuta takardar roƙo, mutum ɗaya kacal cikin 12 ɗin ya yarda ya sa hannu. Sarkin Bengal, Mubarak-ud-Daula, ya rubuto yana roƙon a jira har a ji ta bakin sarkin Ingila, ba ta yi amfani ba. Ranar 5 ga watan Agusta na 1775 aka rataye Nandakumar a bainar jama'a kusa da kogin Hugli. An ruwaito cewa ya je wurin cikin natsuwa, kuma da yawa daga ƴan kallo, waɗanda ba su taɓa zaton za a iya rataye Barahmin ba, sun watse da kururuwa, wasu suka faɗa kogi don tsarkake jikinsu daga abin da idonsu ya gani. Daga wannan rana babu ɗan ƙasar da ya sake kawo ƙarar Hastings.

Amma kada mu manta da su Francis. Su da suka zuga dattijon ya yi magana, su ke da rinjaye a majalisa, ba su ɗaga ko ɗan yatsa ba don ceton shi. Takardar ƙarshe da ya aika ma Clavering, sai bayan an rataye shi aka kawo ta gaban majalisa, kuma majalisar ta ba da umarnin a ƙone ta saboda wai ta ci mutuncin alƙalai. Wannan ƙonawa za ta dawo ta ceci Impey bayan shekaru 13.

Gadon Shahbaz Beg

Akwai wata shari'ar da muke ganin za ta fi jan hankalin mai karatu Musulmi, ita ce ta birnin Patna. Wani tsohon soja ɗan asalin Kabul, Shahbaz Beg Khan, ya rasu a ƙarshen 1776, ya bar dukiya mai yawa ba ɗa ba jika. Matarshi Nadira Begum ta fito da takardu ta ce ya ba ta komi kyauta tun yana raye, ga kuma sadakinta. Ɗan ɗan uwanshi, Bahadur Beg, ya ce ƙarya ne. Turawan kamfani da ke mulkin Patna suka tura alƙalin garin da muftai biyu su bincika. Malaman suka ce takardun na jabu ne, suka ba matar rubu'i, kamar yadda kowane ɗalibin ilimin gado ya sani ga matar da mijinta bai bar ɗa ba, sauran kashi uku kuma suka bar su a hannun Bahadur Beg a madadin mahaifinshi. Matar ta ƙi, ta gudu ta fake a hubbaren wani waliyyi, aka sa sojoji suka tsare ta a can wata da watanni.

Daga bisani ta kai ƙara Kalkuta. A 1779 kotun Impey ta ce an zalunce ta, ba a saurare ta yadda ya kamata ba, kuma Turawan Patna ba su da hurumin miƙa aikinsu na shari'a ga wasu su koma gefe. Ta ci Bahadur Beg da alƙalin da muftan biyu tarar rupi dubu 300. Ba su da abin biya, aka ɗauko su zuwa gidan kason Kalkuta, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Alƙalin, wanda tsoho ne, ya rasu a hanya. Sauran suka zauna a tsare har sai da majalisar dokokin Ingila ta sa baki a 1781.

Wannan shari'a tana da wuyar yanke ma hukunci ko a yau. Matar da aka tsare da bindiga ta samu wurin kai kukanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. To amma Turawan da suka ba da umarnin suna zaune a gidajensu, malaman da aka aika su ne suka ƙare a kaso. Ba da jimawa ba rikicin ya kai intaha a kan wani basarake na Kasijora da ake bi bashi: kotu ta tura ma'aikatanta da makamai su kamo shi, gwamnati ta tura sojoji suka kama ma'aikatan kotun. A wannan karon Hastings da Francis bakinsu ɗaya, Impey kuma shi kaɗai.

Albashi na biyu

Yadda Hastings ya kashe wannan wuta shi ne ya ƙara ɓata sunan abokinshi. A watan Oktoba na 1780 ya naɗa Impey shugaban babbar kotun ɗaukaka ƙara ta kamfani, wadda ake kira Sadar Diwani Adalat, da ƙarin albashin kimanin rupi dubu 5 a wata. Wato alƙalin da sarki ya turo don ya sa ido a kan kamfani ya zama ma'aikacin kamfani, wanda gwamna zai iya sallama duk ranar da ya ga dama. Impey ya ce ba zai ci kuɗin ba sai Landan ta amince. Adalci ne kuma mu faɗi cewa ya yi aiki a wurin, domin a 1781 ya tsara kundin ƙa'idojin shari'ar hulɗar jama'a mai sashe 95, wanda aka fassara zuwa harsunan Farisanci da Bengali, kuma shi ne irinshi na farko a Indiya ta Turawa. A ƙarshen wannan shekara dai ya yi doguwar tafiya zuwa Laknau, wajen da kotunshi ba ta da iko ko kaɗan, don ya tattara ma Hastings rantsuwar shaidu a kan uwa da kakar sarkin Awadh, waɗanda ake son ƙwace dukiyarsu.

Mu ma'aikatan watsa labarai akwai abin da ya shafe mu a nan. Jarida ta farko da aka buga a Indiya ita ce ta wani ɗan Ailan mai suna James Augustus Hicky, wadda ta fara fitowa ranar 29 ga watan Janairu na 1780. Hicky bakinshi ba linzami. Ya laƙaba ma alƙalin alƙalai suna Pulbandi, wato gyaran madatsun ruwa, saboda wata kwangila mai tsoka da aka ba wani ɗan uwan Impey, Archibald Fraser, a yankin Burdwan. A watan Yuni na 1781 Hastings ya kai shi ƙara kan ɓata suna, kuma a gaban wa? A gaban Impey. Aka ɗaure shi, ya ci gaba da fitar da jaridar daga cikin kaso har na tsawon watanni, sai a watan Maris na 1782 aka ƙwace kayan ɗab'inshi, jaridar ta mutu.

Shi kuwa Francis yana da nashi dalilin ƙin Impey. A 1779 kotun ta ci shi tarar rupi dubu 50 bayan an kama shi cikin dare a gidan wani ma'aikaci mai suna Grand, wajen matarshi Catherine. Ita ce daga baya ta koma Faransa, ta auri Talleyrand, ministan harkokin wajen Napoleon, a 1802. A watan Agusta na 1780 Francis da Hastings suka fita fili suka yi musayar harbi da ƙananan bindigogi irin yadda manyan Turawa ke wanke cin mutunci a lokacin, Francis ya ji rauni, ya koma Ingila da alwashin sai ya ga bayan mutanen biyu.

A gaban majalisa

A watan Mayu na 1782 majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'ar a kira Impey gida saboda karɓar muƙami na biyu. Ya isa Landan a 1784. A watan Disamba na 1787 wani ɗan majalisa, Gilbert Elliot, yayan tafintan nan da muka ambata, ya gabatar da tuhuma shida a kanshi, ta farko ita ce mutuwar Nandakumar. Impey ya nemi ya kare kanshi da bakinshi, kuma a watan Fabrairu na 1788 ya tsaya gaban majalisar ya yi dogon jawabi. Ya ce hukuncin na alƙalai huɗu ne da mutane 12, ba nashi shi kaɗai ba. Sannan ya fito da kwafin takardar nan da aka ƙone, ya nuna cewa masu zarginshi a yau su ne a 1775 suka ce abin da ke cikinta ƙazafi ne ga alƙalai. Francis ya rasa ta cewa mai gamsarwa. Ranar 9 ga watan Mayu aka yi ƙuri'a, 73 suka ƙi tuhumar, 55 suka goyi bayanta, sauran tuhume-tuhumen kuma suka bi ruwa. Hastings ma, bayan shari'ar shekaru bakwai, an wanke shi a 1795.

Impey ya zama ɗan majalisa mai wakiltar New Romney daga 1790 zuwa 1796. Ya je Faransa a ɗan lokacin da aka yi sulhu, yaƙi ya sake ɓarkewa ya rutsa da shi a can, bai samu komawa gida ba sai 1804. Ya rasu ranar 1 ga watan Oktoba na 1809 a gidanshi na Newick, yana da shekaru 77.

Mutuwarshi ba ta rufe maganar ba. A 1841 marubucin tarihi Macaulay ya yi mashi kaca-kaca, ya nuna shi a matsayin alƙalin da ya kashe mutum don faranta ma aboki. Ɗanshi ya buga littafi a 1846 don wanke mahaifinshi. A 1885 wani babban masanin shari'a, James Fitzjames Stephen, ya bi takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya ya ce an yi adalci, shekara guda bayan haka Henry Beveridge, wanda ya yi alƙalanci a Bengal, ya bi takardun nan dai ya ce kisan gilla ne. Har a kan wata wasiƙa guda sun saɓa, wadda Hastings ya ambata a ciki cewa akwai lokacin da Impey ya ceci dukiyarshi da mutuncinshi. Macaulay ya ce Nandakumar ake nufi. Stephen ya ce a'a, rikicin 1777 ne, lokacin da Clavering ya yi yunƙurin karɓe kujerar gwamna, alƙalai suka ce Hastings ne halattacce. Ba a taɓa samun wata takarda da ta nuna mutanen biyu sun haɗa baki ba, kuma wannan shi ne babban abin da masu kare Impey ke riƙewa.

Matarshi Mary kuwa ta bar wani abin daban. A babban gidansu na Kalkuta ta tara tsuntsaye da dabbobi, ta ɗauki masu zane uku ƴan Patna, Shaikh Zainuddin da Bhawani Das da Ram Das, waɗanda tsakanin 1777 da 1782 suka zana mata hotuna sama da 300. An yi gwanjonsu a Landan a 1810, kuma yanzu suna warwatse a gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban. Wani tsuntsu mai ƙyalli na duwatsun Himalaya da ta yi kiwo, masana sun sa mashi sunan gidan Impey a 1790, kuma shi ne tsuntsun da ƙasar Nepal ta ɗauka a matsayin alamarta.